Shoot to Kill: Fim ɗin da ya tono binciken da aka hana John Stalker kammalawa

A daren 11 ga Nuwamban 1982, 'yan sandan Ireland ta Arewa sun yi wa wata mota ruwan harsasai 109 kusa da garin Lurgan. Mutum uku da ke ciki, 'yan ƙungiyar IRA, duk sun mutu, kuma babu wanda ke ɗauke da makami. Kafin a kai tsakiyar Disamba an sake kashe wasu uku, ciki har da Michael Tighe, ɗan shekara 17, wanda aka harbe a wata rumfar ajiyar ciyawa.

A kan waɗannan kashe-kashe aka gina Shoot to Kill, fim mai tsawon kusan awa huɗu da Peter Kosminsky ya ba da umarni, tashar ITV ta nuna shi a watan Yunin 1990. 'Yan wasa ne suka fito, amma abubuwan da suka faru na gaske ne.

Jigon labarin shi ne John Stalker, mataimakin shugaban 'yan sandan Manchester, wanda aka tura a 1984 bayan wani ɗan sanda ya shaida wa kotu cewa manyansa ne suka sa shi ya yi ƙarya. Stalker ya gano cewa hukumar leƙen asiri ta MI5 ta dasa na'urar naɗar sauti a rumfar da aka kashe Tighe. Wannan kaset ɗin ne zai nuna ko an gargaɗi yaron kafin a buɗe wuta. Ya yi ta nema, ana yi masa yawo da hankali.

A 1986, yana dab da kammalawa, aka cire shi bisa zargin hulɗa da wani ɗan kasuwa. An wanke shi cikin watanni uku, amma ba a mayar masa da binciken ba. Da wuya mai kallo ya yarda cewa wannan dacewa ce kawai.

A Janairun 1988 babban lauyan gwamnatin Birtaniya, Patrick Mayhew, ya amsa cewa akwai shaidar yunƙurin karkatar da shari'a, amma ya ce ba za a gurfanar da kowa ba saboda tsaron ƙasa.

Fim ɗin ma bai tsira ba. Tashar Ulster Television ta ƙi nuna shi a yankin da abin ya faru, sannan Sir John Hermon, wanda ya shugabanci rundunar a lokacin, ya kai ƙarar ɓata suna, aka sasanta a wajen kotu. Stalker ya rasu a 2019 ba tare da an wallafa cikakken rahoton ba.