Takalmin Gona a Ƙasar Fammar

Shirinmu na yau ya leƙa Fammar, a ƙaramar hukumar Kibiya ta masarautar Rano, inda kaka ke fitar da kowa gona da sassafe. Fartanya na kafaɗa, lauje na hannu, amma ƙafa? Silifa ce da aka ɗaure mata hanci da waya, wani ma ko ita babu.

A ƙarƙashin tarin harawar gyaɗa kububuwa ke fakewa. Gajeriya ce, launinta irin na ƙasa, ba ta kuma cika gudu don ta ji motsi ba. Dafinta kan hana jini daskarewa, har a ga mutum yana zubar da jini ta dasashi. Galibin saran kuwa daga idon sawu ne zuwa ƙasa, daidai wurin da dogon takalmin roba ke rufewa. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe, wanda ya yi suna wajen jinyar saran maciji, yakan cika ne lokacin shuka da girbi. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Ba maciji kaɗai ba. Tushiyar dawa da aka sare a karkace tana huda tafin ƙafa, ƙasa ta shiga, tetanus ya biyo baya ya sandarar da muƙamuƙi. Wanda ya bi noman rani zuwa Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke kwarara, tsargiya na iya shigarsa ta fata.

'Yan ƙwadago kan ce takalmin zafi gare shi, ga nauyi, ga tsada. Gaskiyarsu ce: da azahar ƙafa jiƙewa take sharkaf a ciki, sai an haɗa da safa. Batun tsada kuwa, mai gonar da ke aika wa ma'aikata fura da goro shi ya fi cancanta ya saya, ya ajiye tare da garma, domin kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin allurar kashe dafi ba.

A riƙa zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Idan tsautsayin saran maciji ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau; a ɗauki mutum a nufi asibiti.