Cikin Inabi: Ba Aikin Iska Ba Ne

A garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun, idan mace ta yi ɓari aka ga wasu ƙwayoyi masu ruwa kamar 'ya'yan inabi sun fito, maganar da ake ji ita ce iskoki sun shanye cikin, ko kishiya ta yi jifa. Sai a koma ga turare da jiƙe-jiƙe, asibiti kuwa sai jini ya ƙi tsayawa.

Likitoci na kiran irin wannan ciki mola, kuma tun shigarsa yake da matsala. Ko dai maniyyi ya haɗu da ƙwan da babu gadon halittar uwa a cikinsa, ko ƙwayoyin maniyyi biyu su shiga ƙwai ɗaya. Daga nan mabiyiya ce ke ta girma, babu ɗan da zai rayu. A Ingila ana samunsa a kusan ciki 1 cikin 600, kuma ya fi kama 'yanmata ƙanana da matan da suka haura 40. Alamominsa su ne zubar jini a watannin farko, laulayi mai tsanani, da cikin da ya fi watanninsa girma. Hoton ciki kan nuna shi.

Wankin ciki ake yi a cire mola, amma ba ya rufe maganar. Manomin Bakalori ya san ciyawar ƙiri-ƙiri: in aka bar ɗan guntun saiwa, sai ta sake tofowa. Haka ragowar mola take, a kusan mace 15 cikin 100 masu nau'in da ya fi tsanani, takan ci gaba da yaɗuwa, wani lokaci ta rikiɗe ciwon daji har ta kai huhu. Shi ya sa ake maimaita gwajin jini na tsawon watanni, a kuma dakatar da ɗaukar sabon ciki, domin sabon ciki yana ɓoye sakamakon gwajin.

Magani akwai tun 1956, lokacin da Dokta Min Chiu Li ya warkar da wannan daji da methotrexate a Amurka. Ingila kuwa tun 1973 take rajistar masu mola tana bibiyarsu. A nan, macen ƙauye sai ta nemi kuɗin mota zuwa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ga hanya babu tsaro. Ya kamata hukumomin lafiya na Zamfara su kawo wannan gwaji manyan asibitocin ƙananan hukumomi, magidanta kuma su yi haƙuri da batun haihuwa har likita ya sallami matansu.