Maganin da Aka Samo a Matsarmamar Beyar

Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya san matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne a jikin hanta, wadda ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Mu jefar da ita muke yi. A ƙasar Sin kuwa akwai dabbar da ake farauta saboda matsarmamarta: beyar, baƙar dabbar daji mai farin zane a ƙirji kamar jinjirin wata. Tun shekarar 659, zamanin daular Tang, littafin magungunan da fada ta sa aka tattara ya ambaci ruwan matsarmamarta. Shekara fiye da dubu masu magani a Sin da Koriya da Japan suna ba da shi ga masu zazzaɓi da ciwon ido da shawara.

Ba kowane maganin gargajiya ke tsira ba in an kai shi ɗakin gwaji. Wannan ya tsira.

Matsarmama dai rumbu ce kawai. Hanta ce ke haɗa ruwan. Daga kolestarol take ƙera wasu sinadarai masu aikin sabulu. Da zarar mutum ya ci abu mai maiƙo sai matsarmama ta matse, ta zubo su cikin hanji, su tarwatsa kitsen yadda jiki zai iya tsotsewa. Jiki kuma ba ya almubazzaranci da su. Duk abin da babban mutum ke ɗauke da shi bai wuce giram 2 zuwa 4 ba, amma a ƙarshen ƙaramin hanji ana tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari, jini ya mayar wa hanta, ta sake turo su, sau da dama a yini guda. Ɗan abin da ya fita a bayan gida, wajen rabin giram a yini, shi kaɗai take sabuntawa. Sai dai wannan sabulun bai san na gida ba. In hanyar fita ta toshe ya taru a hanta, sai ya koma cin ƙwayoyin hantar, domin su ma da kitse aka yi bangonsu.

A 1902 wani masanin sinadarai ɗan Suwidin, Olof Hammarsten, ya binciki matsarmamar farar beyar ta yankin ƙanƙara, ya ga wani sinadari da ba a san shi ba. A 1927 Masato Shoda na Okayama a Japan ya tace shi tsantsa, ya raɗa masa sunan da ya samo daga kalmar beyar a Latin: asid ɗin ursodiyoksikolik, wanda ake taƙaitawa da Urso. An gano tsarinsa a 1936. A 1954 wani masani mai suna Kanazawa da abokan aikinsa suka samo hanyar haɗa shi daga sinadarin da ke matsarmamar shanu, wanda ake samu a kowace mahauta. Zuwa 1957 har an fara sayar da shi a shagunan magani na Japan. A riƙe waɗannan shekarun, za mu dawo kansu.

Likitocin Turai da Amurka ba su waiwaye shi ba sai ta dalilin tsakuwar matsarmama. A 1972 Alan Hofmann da abokan aikinsa a asibitin Mayo suka nuna cewa wani ɗan uwan Urso, wanda aka fara samu a matsarmamar dinya, yana narkar da tsakuwar ba tare da tiyata ba. Amma yana sa zawo, yana kuma taɓa hanta. A 1975 Isao Makino a Japan ya ba da rahoton cewa Urso ma yana narkar da ita, shi kuwa babu wannan wahalar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, sinadaran nan biyu kayan haɗinsu ɗaya ne sak. Wani ɗan reshe guda ne a jikinsu, a na dinya ya kalli ƙasa, a na beyar ya kalli sama. Wannan 'yar juyawar ce ta sa na beyar ya fi son ruwa, ya rage kaifi, ya daina cin bangon ƙwayoyi.

A birnin Frankfurt na Jamus, Dakta Ulrich Leuschner yana ba wasu marasa lafiya 'yan kaɗan Urso don tsakuwa, alhali suna fama da daɗaɗɗen kumburin hanta. Yana auna jininsu don ya tabbatar maganin bai ƙara musu ciwo ba, sai ya ga akasin haka: alamun lalacewar hanta suna sauka. Ya wallafa abin da ya gani a 1985.

A Faris, a asibitin Saint-Antoine, Dakta Raoul Poupon yana duba masu wata cuta da likitoci ke kira PBC. Tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi masu matsakaicin shekaru. Garkuwar jikinsu ce ke juyowa ta rushe ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikin hanta. Mace ta kwana tana susa har fata ta yi jini, ƙaiƙayin bai lafa ba; ga gajiyar da barci ba ya warkarwa; daga baya ido ya yi rawaya, hanta ta ƙandare. Ƙarshen da yawansu dashen hanta ne ko kabari. A ba irin wannan mara lafiyar ƙarin sinadarin matsarmama, a ido tamkar a ga gobara ne a miƙa mata fetur. Lissafin Poupon shi ne, tunda jiki juya sinadaran yake yi, in aka cika zagayen da mai taushi, dole masu kaifin su ragu. A jikin ɗan Adam Urso bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma mai shansa kullum yakan kai kusan rabi.

Ya gwada a kan mutum 15 na tsawon shekara biyu, ya fitar da sakamakon a 1987: gwajin hanta ya gyaru, ƙaiƙayi ya ragu. Babban gwaji da mutum 146 ya biyo baya a 1991, ya tabbatar. A 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cutar. Ba kowa yake yi wa aiki ba, wajen ɗaya cikin uku sai an haɗa musu da wani abu. Amma wadda ta fara da wuri kuma jikinta ya karɓa, tana iya rayuwa kusan tsawon ta sauran mutane. (Kada mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi mana yawa a nan, ya ruga kemis: Urso ba ya kashe ƙwayar wannan cutar, kuma ba kowace shawara ce tasa ba.)

Yanzu mu koma kan shekarun nan. Tun 1954 ba a da buƙatar beyar. Amma sai bayan 1980, kusan shekara talatin da samun hanyar haɗa maganin daga shanu, aka fara buɗe gonakin beyar a Sin, da dabarar da ta fito daga Koriya ta Arewa. Ana sa dabbar a kejin da ba ta iya miƙewa ko juyawa, a huda cikinta, a bar bututu ko ramin da ba a bari ya warke, a riƙa tatsar matsarmamarta. Wasu sun yi shekara ashirin a haka. Wannan zalunci ne, kuma ban ga uzurin da ilimi ya bar masa ba.

A 1993 wata Baturiyar Ingila mazauniyar Hong Kong, Jill Robinson, ta shiga ɗaya daga cikin gonakin a kudancin Sin. Tana tsakanin kejin sai ta ji an taɓa ta. Wata beyar ce ta ziro hannu ta tsakanin ƙarafa. Ta kama hannun ta riƙe. Bayan shekara biyar ta kafa ƙungiyar Animals Asia, a 2000 kuma ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin Sin don ceto beyar 500, aka gina musu mafaka kusa da Chengdu. Koriya ta Kudu ta sanar a 2022 cewa za ta rufe nata gonakin daga farkon 2026. A Sin kuwa har yanzu doka ta yarda da sana'ar, kuma ƙungiyoyin kare dabbobi na ƙiyasta cewa beyar fiye da 10,000 na cikin keji.