Katin banki a Kalley: haƙƙin da doka ta ba ka da wa'adin da ke iya cinye shi

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya sauka, layi yakan miƙe a gaban na'urorin cirar kuɗi na bankunan da ke kewaye da Kalley da Babbar Kasuwar Yamai. Ga malamin makaranta, ga ma'aikacin asibiti, ga hajiya mai shagon atamfa da ke shirin tafiya sari. Wani lokaci mutum yakan sa katinsa, ya danna lambar sirri, ya ji na'ura tana ƙirga kuɗi a ciki, amma ko dala ba ta fito ba. Kafin ya juya sai ga saƙo a waya cewa an cire jika hamsin daga asusunsa. Na bayansa su ce masa: “Rezo ne, Malam, sai haƙuri, za su dawo.” Sau da yawa kuɗin kan dawo. Idan ba su dawo ba, a nan ne ake gane wanda ya san haƙƙinsa da wanda bai sani ba.

Da farko ya kamata a rarrabe katunan, domin yawancinmu duk suna ɗaya muke kiransu. Katin bashi na ainihi, irin wanda ya cika Amurka da Ingila, shi ne wanda banki ke biya maka da kuɗinsa, kai kuma ka biya shi daga baya, da ruwa idan ka jinkirta. Irin wannan bai yawaita a Nijar ba. Abin da ke aljihun mutanen Kalley galibi kati ne da ke ɗebo kuɗi kai tsaye daga asusun mai shi, ko kuma wanda ake lodawa kafin a yi amfani da shi, mai tambarin GIM-UEMOA ko Visa ko Mastercard. Bambancin yana da nauyi ƙwarai. Idan ɓarawo ya yi sayayya da katin bashi, kuɗin banki ya taɓa, kuma banki zai tashi tsaye. Idan ya yi da katin da ke haɗe da asusunka, kuɗin cefanen gidanka ya taɓa, kai ne za ka yi ta zarya kana jira.

Dokokin da ke kare mai kati a Yamai yawancinsu na yanki ne. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a watan Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe takwas masu amfani da sefa, don haka ƙa'idojin babban bankin BCEAO da ke Dakar su ne ke aiki a kan bankunanmu. Tushen maganar kati yana cikin dokar tsarin biyan kuɗi mai lamba 15/2002 da majalisar ministocin ƙungiyar ta amince da ita a watan Satumbar 2002. Dokar ta ce umarnin biya da aka bayar da kati ba a janye shi. Ka saya, ka danna lambarka, magana ta ƙare, ko da daga baya ka ga kayan ba su yi maka ba. Sai dai ta buɗe ƙofa a wurare ƙalilan: idan katin ya ɓata, ko an sace shi, ko an yi amfani da shi ta hanyar zamba, ko kuma an buɗe wa wanda za a biya shari'ar karyewar jari.

A nan ne sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci yake, kuma shi ne aka fi jahilta. Dokar ta yarda ka kira banki ta waya ka ce a tsayar da katinka, kuma kiran yana da ƙarfi daidai da takarda. Ba dole ne ma ka tuna lambar katin ba. Amma kafin kiran ya tabbata, sai ka je da kanka, da takardun shaidarka, ka ƙarfafa shi cikin sa'o'i 24 na ranakun aiki. Shi kuma bankin wajibi ne ya ba ka takardar shaidar cewa ya karɓi ƙorafinka. Wannan ƴar takarda ita ce ke nuna rana da sa'ar da ka sanar, kuma duk gardamar da za ta biyo baya a kanta za ta tsaya: me aka cire kafin ka yi magana, me aka cire bayan ka yi. Mutumin da aka zare wa walat a cunkoson kasuwa ranar Alhamis, ya kira banki, sannan ya ce sai Litinin idan ya samu sarari zai leƙa, ya raunana hujjarsa da hannunsa. Wanda kuma ya rubuta lambar sirrinsa a bayan katin, ko ya ba yaron shago katin da lambar ya aike shi, da wuya ya samu bakin magana.

A wasu ƙasashe an ƙayyade asarar da adadin da kowa ya haddace. A Amurka, tun shekarun 1970, abin da mai katin bashi zai ɗauka idan an yi zamba da katinsa bai wuce dalar Amurka 50 ba, kuma yana da kwana 60 ya ƙalubalanci kuskure a takardar lissafinsa. A Tarayyar Turai iyakar Yuro 50 ce, mutum kuma yana da wata 13 ya musanta cirar da bai ba da izininta ba. Maƙwabciyarmu Najeriya, a watan Yunin 2020, babban bankinta ya sa wa'adi ga kuɗin da na'ura ta riƙe: idan na'urar bankinka ce a maida nan take, ko cikin sa'o'i 24 idan sai an yi da hannu, idan ta wani banki ce, sa'o'i 48. Ko ana cikawa ko ba a cikawa, ɗan Kano yana da adadin da zai riƙe ya ja da shi. A nan Yamai, abu mai yawa game da wanda zai ɗauki asara yana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da aka miƙa maka katin, shafuka masu ƙananan haruffa da Faransanci, waɗanda ba kasafai ake karantawa ba.

Akwai kuma abin da doka ta hana a caje ka a kansa. Tun 1 ga Oktoban 2014, bisa umarnin BCEAO, hidimomi 19 sun zama kyauta a duk bankunan yankin. Cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, saukar da albashi a asusu, takardar lissafin wata, cirar kuɗi da duba abin da ya rage a na'urar bankinka, tura kuɗi tsakanin asusu biyu a banki ɗaya, da biyan sayayya da kati a cikin ƙasashen ƙungiyar. Kuɗin shekara na katin kansa ba ya cikin jerin, haka ma cirar kuɗi a na'urar wani banki, don haka waɗannan ana biyansu. Abu guda cikin jerin ya cancanci a tsaya a kansa: takardar da ke tattara duk cajin da banki ya yi maka a shekara. Kyauta ce, haƙƙinka ce, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ake tsakura daga asusunka kaɗan-kaɗan, ɗari biyar yau, jika ɗaya gobe. Mutane ƙalilan ne ke nemanta.

Bashi kuwa, ko da katin bashi bai yawaita ba, yana shigowa ta wata ƙofa. Ma'aikaci da yawa yana da izinin cirar fiye da abin da ke asusunsa kafin albashi ya sauka, ko kuma yana karɓar wani ɓangare na albashin tun tsakiyar wata. Da katin yake cirewa, kuma bashi ne sak, mai ruwa. Don a hana wuce gona da iri, majalisar ministocin yankin tana sa wa kuɗin ruwa rufi. Daga 1 ga Janairun 2014 aka sauke shi daga kashi 18 zuwa 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, daga 27 zuwa 24 ga ƙananan cibiyoyin bashi. Majalisar kan iya sake duba shi, don haka mai neman bashi ya tambayi adadin da ke aiki ranar da zai sa hannu. Wuce rufin laifi ne da doka ke hukuntawa. Abin lura shi ne ba ruwan kaɗai ake aunawa ba. Ana auna abin da ake kira TEG, wato jimillar ruwa da kuɗin takardu da kamasho da sauran caji da ke rataye da bashin.

Lissafin ba shi da wuya. Sefa 100,000 na wata ɗaya a kan kashi 15 a shekara, ruwansu sefa 1,250 ne. Idan aka ce maka ruwan kaɗan ne amma akwai kuɗin takardu sefa 5,000, to wannan kaɗai kashi 5 ne a wata, wanda idan aka miƙe shi zuwa shekara ya kai kashi 60. Shi ya sa tambayar da ta dace a gaban ma'aikacin banki ita ce: nawa ne TEG, kuma ina aka rubuta shi? Da yawa daga ƴan kasuwarmu suna guje wa bashi mai ruwa gaba ɗaya saboda addini, kuma akwai Bankin Musulunci na Nijar da ke da tsarinsa. Amma wanda lalura ta kai shi ga bashin, bai kamata ƙyamar abin ta hana shi sanin lissafinsa ba.

Bashin yana barin sawu. Tun 2016 ofishin tattara bayanan bashi na yankin, wanda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa daga Abijan, yake karɓar bayanai daga bankuna a kan wanda ya biya da wanda ya makara. Jinkirin da ka yi a banki ɗaya wani banki zai iya gani ranar da ka je neman jari. Doka ta ba ka damar ganin rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, da neman a gyara shi idan akwai kuskure. Kuskure kuwa yana faruwa, musamman a ƙasar da sunaye ke kama da juna har unguwa ɗaya ta tara masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya.

Ga masu sari a Dubai ko Guangzhou ko Istanbul, da masu saye ta intanet, akwai wata hanya da ba dokar ƙasa ce ta kafa ta ba. Kamfanonin Visa da Mastercard suna da tsarin da ke ba bankinka damar neman a dawo da kuɗi daga bankin mai sayarwa idan an caje ka sau biyu ko kaya ba su iso ba. Ta bankinka ake bi, tana da wa'adi, kuma tana neman hujja: resi, saƙonnin da kuka yi musaya, takardar oda. A kan zamba kuma, ƙa'ida ɗaya ce ba ta canzawa. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka, ko lambobi ukun da ke bayan kati, ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, komai daɗin muryarsa. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma kai ƙara wurin ƴan sanda yana ƙara wa takardunka ƙarfi.

Idan banki ya yi shiru fa? Hukumar sa ido kan bankunan yankin, wadda ke Abijan, ta fitar da umarni a 2020 da ya wajabta wa kowane banki samun tsarin karɓar ƙorafi da amsa shi cikin wata guda. Idan wa'adin ya wuce ko amsar ba ta gamsar ba, mutum na iya ɗaga maganar zuwa hukumar, kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata suna nan a Yamai. Amma duk wannan sai idan ƙorafin a rubuce yake, da kwanan wata da hatimin karɓa. Maganar baki a bakin kanta, komai zafinta, ba ta fara ƙirga wa'adin kowa.

Ba a banza mutane ke ɗari-ɗari da banki ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya har zuwa Fabrairun 2024, takardun kuɗi sun yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira, masu kuɗi a asusu suka wuni a layi. Wanda ya ga haka bai da laifi idan ya fi sakin jiki da kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana, ko akwatin shagonsa. A ganina, hanyar dawo da amana ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato, kuma ba ta buƙatar sabuwar doka. Haƙƙoƙin nan suna nan a rubuce, sai dai a harshen da mafi yawan masu katin ba sa karantawa. Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ina kira ga bankunan Yamai da reshen BCEAO na ƙasa da su manna, a jikin kowace na'urar cirar kuɗi, da Hausa da Zabarmanci, lambar wayar tsayar da kati, da sharaɗin sa'o'i 24, da jerin hidimomi 19 na kyauta, da wa'adin wata guda na amsa ƙorafi, su kuma sa a riƙa karanta su a gidajen rediyo domin waɗanda ba sa karatu.