Salo Ke Sayar da Allo: 'Yan Wasan Zamiya da Masu Ɗaukar Nauyinsu

A gasar Olamfik ta birnin Tokyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, an shigo da wani wasa da ba a taɓa yi a gasar ba, wato zamiya a kan allo mai taya huɗu. Wadda ta ci zinare a wasan titi na mata, Momiji Nishiya 'yar Japan, shekararta 13. Wadda ta bi mata, Rayssa Leal 'yar Brazil, ita ma shekararta 13. A lokacin ne mutane da dama suka gane cewa abin da suke yi wa kallon shiriritar yara sana'a ce mai kamfanoni da kwantiragi da albashi. Amma wanda ya tsaya a kan gasa kaɗai bai ga rabin zancen ba. A wannan wasa kofi ba shi ne kan gaba wajen jawo wa mutum mai ɗaukar nauyi ba. Abin da kamfani ya fi saye shi ne salon hawa.

Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun matasa masu hawan igiyar teku. Ranar da teku ta kwanta, sai su kafa wa katako tayoyi su hau titi. Tayoyin farko na ƙarfe ne, ɗan tsakuwa kaɗan ya isa ya kifar da mutum. A farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayoyin roba masu kama ƙasa, sai wasan ya farfaɗo. A 1975 wasu matasa na ƙungiyar Zephyr, cikinsu har da Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta da Peggy Oki, suka je gasa a garin Del Mar. Sauran 'yan wasa na tsaye ƙyam a kan allo, su kuwa suka durƙusa ƙasa-ƙasa suna dafa kwalta da hannu, suna juyi kamar a kan ruwa suke. Daga nan aka fara tambayar yadda mutum ya yi abu, ba abin da ya yi kawai ba. Da fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, wuraren ninƙaya na gidaje suka zama wayam, sai matasan nan suka riƙa hawa bangonsu har suna tashi sama. Hawan bango ke nan ya samu.

A yau salon hawa ya rabu gida-gida. Akwai masu hawan babban dandamali mai lanƙwasa biyu, inda mutum ke gangarowa daga wannan gefe ya tashi sama a wancan. Akwai masu hawan kwari, wato rami mai siffar ƙwarya da aka gina da siminti. Akwai kuma 'yan titi, waɗanda su ne mafi yawa, fagensu matakalar bene da ƙarfen dafawa da bencin zama da gefen kwalbati. Wasan titi bai yiwu ba sai da aka gano dabarar tashi da allo ba tare da an riƙe shi da hannu ba. Alan Gelfand na jihar Filorida ne ya fara yin ta a jikin bango wajen 1978, kuma laƙabinsa, Oli, shi ya zama sunan dabarar. Rodney Mullen ya sauko da ita shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980, ya kuma ƙirƙiro wulwula allo a iska da ƙafa. Mark Gonzales da Natas Kaupas suka ɗauki wannan suka shiga gari da shi, suka fara zamewa a kan ƙarfen matakala.

Ko a tsayuwa ma ba a taru an zama ɗaya ba. Wani ƙafar hagu yake sawa gaba, wani ta dama, kuma ana girmama wanda ya iya sauya ƙafa ya yi dabara da ɓangaren da bai saba ba. Ana lura da yadda mutum ke tura allo, da inda hannayensa suke in ya tashi, da ko ya sauka a natse ko yana tangal-tangal. Kamar dai hawan sallah ne, inda tun daga nesa ake gane gwani da zamansa a kan sirdi, tun kafin ya yi sukuwa.

A kan bambancin salo, babu misalin da ya kai na Tony Hawk da Christian Hosoi a shekarun 1980. Hawk siriri ne, mai tarin dabaru masu wuya, kullum yana ƙirƙiro sabuwa. Hosoi kuwa tashi sama yake yi sosai, cikin isa da ƙasaita, kamar abin bai dame shi ba. Magoya baya suka rabu biyu, masu son fasaha da masu son salo, kuma kowane ɓangare allon gwaninsa yake saye. Hawk ya ci gaba har ya yi juyi biyu da rabi a iska a gasar X Games ta San Francisco a 1999, dabarar da ake kira 900. Duk da haka har gobe akwai masu cewa hawan Hosoi ya fi daɗin kallo. Kamfanoni sun daɗe da fahimtar cewa wannan gardama ita ce kasuwarsu.

To, ta yaya yaro ke kaiwa ga samun mai ɗaukar nauyi? Tsani ne mai hawa huɗu. Na farko shagon unguwa, wanda ke rage masa kuɗin kaya ko ya ba shi allo jefi-jefi. Na biyu kamfani ya riƙa turo masa kaya kyauta, allo ko takalmi ko taya, ba kwantiragi, ba ko sisi. Na uku a shigar da shi tawagar kamfani a hukumance, a sa shi a talla, a yi tafiye-tafiye da shi, wataƙila da ɗan abin kashewa. Na huɗu shi ne burin kowa: ranar da kamfani ya buga sunansa a jikin allo ya kai kasuwa. Daga ranar ya zama ƙwararre, kuma yana da kaso a kan kowane allo da aka sayar. Babu wata hukuma da ke ba da wannan matsayi, kamfani da abokan hawa ne ke yanke cewa ya isa. Tony Hawk ya taka wannan mataki yana ɗan shekara 14 a kamfanin Powell Peralta.

Ƙwararre kan tara masu ɗaukar nauyi da yawa, wannan na allo, wancan na taya, wani na tufafi, wani na lemon ƙarin kuzari. Kuɗi mai kauri kuwa a takalmi yake. Takalmin Half Cab da kamfanin Vans ya fitar a 1992 don Steve Caballero har yanzu yana kasuwa. Ganin haka manyan kamfanoni suka shigo, Nike ta buɗe sashenta na wannan wasa a 2002, abin da ya sa wasu tsofaffin 'yan wasa ke ƙorafin cewa baƙi sun zo cin moriyar abin da ba su gina ba.

Hanyar nuna kai ita ce bidiyo. A da yaro kan haɗa kaset na dabarunsa ya aika wa kamfani. Ƙwararru kuwa sukan shafe shekara ko fiye suna ɗaukar abin da bai wuce minti uku ko huɗu ba, domin dabara guda na iya cin faɗuwa ba adadi kafin ta zauna. A irin wannan bidiyo ake auna mutum: wurin da ya zaɓa, saurin da ya zo da shi, tufafinsa, har kiɗan da aka ɗora. Yanzu wayar hannu ta gajarta hanyar. Rayssa Leal tana 'yar shekara 7, a 2015, aka ɗauke ta tana tsallake matakala cikin rigar 'yan aljanu ta wasan yara, Tony Hawk ya yaɗa bidiyon, duniya ta san ta.

Shi ya sa girma a wannan wasa yake da ƙofa biyu. Yuto Horigome na Japan ya ci zinare a Tokyo, ya sake ci a Paris a 2024, a fagen da alƙalai ke ba da maki kan zagaye na daƙiƙa 45 da dabaru ɗai-ɗai. Tyshawn Jones na birnin New York kuwa bai je Olamfik ba, amma mujallar Thrasher, wadda aka kafa a 1981, ta ba shi kambun gwarzon shekara sau biyu, a 2018 da 2022, saboda abin da ya yi a titunan garinsu, har da tsallake layin jirgin ƙasa a tasha. A wurin 'yan titi da yawa wannan kambu ya fi zinare daraja. Wasu ma na ganin maki na kashe salo, domin wanda ke neman maki zai maimaita abin da alƙali ke so ne.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙalilan ne ke samun arziki a ciki. Mafi yawan waɗanda ake cewa an ɗauki nauyinsu kaya kawai suke samu, dole su haɗa da wani aikin. Galibinsu ba ma'aikatan kamfani ba ne, 'yan kwantiragi ne, don haka in ƙafa ta karye ko jijiyar gwiwa ta tsinke, sau da yawa jinya na wuyansu. Kasuwar ma ba ta da tabbas. A farkon shekarun 1990 yayi ya koma wasan titi, masu hawan dandamali suka rasa kasuwa, har Tony Hawk kansa, wanda ya kafa kamfanin Birdhouse a 1992, sai da samunsa ya faɗi warwas kafin ya farfaɗo. Wanda salonsa ke tashe bana yana iya zama tsohon yayi baɗi.

Wasan yana yaɗuwa a Afirka, an buɗe filinsa a Accra a 2021, matasa kuma na yinsa a Legas da Addis Ababa da Kampala. Duk iyayen da ɗansu ya kama wannan hanya su fara saya masa hular kwano da abin kare gwiwa, su nesanta shi da titin motoci, kada kuma su bari ya ajiye karatu don an turo masa kwalin takalmi. In maganar kwantiragi ta taso, a nemi lauya ya karanta, a san tsawon wa'adinsa, da wanda zai biya kuɗin asibiti, da wanda ya mallaki hotunan yaron. Shi kuma matashin ya sani cewa kwaikwayo ba ya kai mutum ko'ina a wannan fage. Kamfani ba ya biyan kuɗi don a maimaita masa abin da yake da shi, sai don abin da ba a samu a wurin kowa ba.