Ƙarfe Nawa Za Ka Isa Tasha Idan Za Ka Hau Jirgin Ruwan Shaƙatawa?

Tikitin jirgin ruwan shaƙatawa yakan zo da lokacin tashi a rubuce ɓaro-ɓaro, a ce ƙarfe 5 na yamma. Babu abin da ya kai wannan lokacin yaudarar sabon matafiyi. Ƙarfe 5 ɗin na kyaftin ne da ma'aikatansa, sa'ar da za a kwance igiyoyi jirgi ya janye daga gaɓa. Lokacin fasinja ya wuce tun kafin nan. Kamfanin Royal Caribbean ya sharɗanta cewa kowane fasinja ya gama tantancewa ya shige cikin jirgi minti 90 kafin tashi. Wasu kamfanonin awa ɗaya suke sa wa, wasu awa biyu. Wanda ya iso ƙarfe 4 da kwata zai tarar da jirgin a tsaye ƙiƙam, ga mutane can a bene suna ɗaukar hoto, ga shi da tikiti a hannu, amma an rufe ƙofa. Magiya ba ta buɗe ta, kuma galibi ba a mayar da kuɗi.

Ba don mugunta ake rufewa da wuri ba. A Amurka doka ta wajabta wa jirgi ya miƙa wa hukumar kwastam da tsaron iyaka cikakken jerin sunayen waɗanda ke cikinsa aƙalla minti 60 kafin ya tashi. Da zarar an aika jerin, batun ƙara suna ya ƙare. Sai kuma atisayen tsira, inda ake nuna wa kowa wurin da zai taru idan ƙararrawar haɗari ta kaɗa, da yadda ake ɗaura rigar ceto. A da, dokar tsaron rayuka a teku ta yarda a yi wannan atisaye a cikin awa 24 bayan ɗaukar fasinja. Haɗarin Costa Concordia ne ya sauya hakan. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin ya bar tashar Civitavecchia a Italiya da farkon dare, bai kai tsakar dare ba ya bugi dutse a kusa da tsibirin Giglio, ya kwanta a gefe guda. Mutum 32 suka rasu cikin sama da 4,200 da ke ciki. Ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a wannan rana ba a riga an yi musu atisayen ba, an bar shi sai washegari. Daga nan Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta gyara dokar, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2015 dole ne a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Yanzu kamfanoni da yawa a waya ake kallon bayanin, sannan mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wurin taruwarsa a duba katinsa. Ko ta yaya aka yi, yana cin lokaci, kuma daga cikin lokacin fasinja ake yanko shi.

Mu da muka saba da tashar mota mun san direba yakan ɗan ɗaga ƙafa, a kira shi a waya a ce ga ni nan a hanya, ya ce to yi sauri. Kyaftin ba shi da wannan damar ko da yana so. Akwai jagoran tasha da aka tsayar wa lokaci, wanda zai hau ya fitar da jirgin ta mashigar ruwa. Wani jirgin na iya kasancewa yana jiran gurbin. A wasu tasoshin sai an yi la'akari da cikar teku da janyewarsa. Idan kuma aka makara, sai an ƙara gudu kafin a isa zango na gaba a kan kari, kuma ƙarin gudu kaɗan a jirgin ruwa yana lashe mai fiye da kima. Babu kamfanin da zai ɗauki wannan asara saboda mutum biyu alhali dubbai suna zaune a ciki.

To, sai mutum ya ce shi ke nan, da asuba zan buga sammako. Nan ma akwai gyara.

Jirgin da za ka hau da rana, da safiyar ranar ya dawo daga wata tafiyar, cike maƙil da mutane. Ɗauki Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024. Idan ya cika yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Jirgi irin wannan yakan ɗaure a gaɓa wajen ƙarfe 6 ko 7 na safe. Daga nan har hantsi, aikin sauke mutane ake yi, rukuni-rukuni, kowa ya nemo akwatinsa cikin dubban akwatuna ya bi ta gaban jami'an shige da fice. A tasoshin Amurka sai an tabbatar babu fasinja ko ɗaya da ya rage a ciki kafin a bar sabon fasinja ya taka matakala. Mutum guda da ya maƙale a ɗaki yana neman takalmi zai iya tsayar da kowa. A ƙasa kuwa manyan motoci ne jere suna sauke kayan abinci na mako guda, ana kwashe shara, ana zuba mai, masu gyaran ɗaki suna sauya zannuwan gado na dubban gadaje cikin 'yan awoyi. Wanda ya iso ƙarfe 8 na safe cikin wannan hada-hada ya faɗo. Motar da ta kawo shi za ta cushe da na masu fita, zauren jira wataƙila ba a buɗe ba, sai ya tsaya a waje da akwatuna da yara, a rana ko a sanyi. Kuma ba shi ne na farko ba, domin in ka yi sammako wani a tafe ya kwana.

Yawanci ana fara shigar da sababbin fasinjoji tsakanin ƙarfe 10 da rabi zuwa 11 da rabi. Da farko masu manyan ɗakuna da tsofaffin abokan cinikin kamfani, sannan sauran jama'a. Tun bayan annobar korona, akasarin kamfanoni sun koma raba wa fasinjoji lokacin isowa, galibi tazarar rabin awa-rabin awa, mutum ya zaɓa a manhajar kamfanin sa'ad da yake cike bayanansa da ɗora hoton fasfo. Royal Caribbean kan buɗe wannan rajista kwana 45 kafin tafiya, kuma guraben safe su ake fara wawashewa. Tsananin bin wannan tsari ya danganta da tasha da kuma kamfani: wani wurin za a ƙyale ka ka shiga ko ka riga lokacinka, wani wurin za a nuna maka gefe a ce ka jira. Abin da ya fi shi ne ka iso a cikin lokacin da aka ba ka, ko da 'yan mintoci kafinsa.

Wane gurbi za ka zaɓa? Masu son cin moriyar kuɗinsu har ƙarshe sukan ɗauki na ƙarfe 11, su ci abincin rana a jirgi, su zaga su san wuri. Farashin hakan shi ne layi mai tsawo, ga ɗakin cin abinci a cunkushe, ga jaka a kafaɗa, domin ɗakunan kwana ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe 1 ko 2. Ni a ganina, ga mai tafiya da dattijo ko ƙananan yara, tsakanin ƙarfe 12 da rabi zuwa 1 da rabi ya fi daɗi. Turmutsutsun farko ya lafa, daga ƙofa zuwa cikin jirgi ba ya ɗaukar dogon lokaci, kana shiga ka wuce ɗakinka ka ajiye kaya ka yi alwala ka yi azahar a natse. Kuma har yanzu da sauran awa biyu a hannunka idan wata matsala ta taso a teburin tantancewa. Gurbin ƙarshe kuwa, na dab da rufe ƙofa, ban ga dalilin da zai sa baƙo a gari ya zaɓe shi ba. Tayar mota ɗaya ta fashe a hanya, tafiyar ta rushe.

Duk wannan lissafin awoyi ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da lissafin kwana. Da yawa daga cikin waɗanda jirgi ke bari ba barci ne ya ɗauke su a otal ba, jirgin sama ne ya makarar da su. Ga wanda zai taso daga Kano ko Abuja ko Yamai, maganar ta fi nauyi, domin kafin ya kai Barcelona ko Miami ko Dubai, galibi sai ya sauya jirgi a Alƙahira ko Adis Ababa ko Santambul ko Doha. Jinkirin awa uku a zangon farko ya isa ya sa ya rasa na biyu, na gaba kuma sai gobe. Lokacin da jiragen shaƙatawa suka fi yawa a Dubai da maƙwabtanta, wato daga Nuwamba zuwa Maris, ya zo daidai da hunturunmu, kuma duk wanda ya san filin jirgin Kano a Disamba da Janairu ya san yadda hazo ke hana jirgi sauka ko tashi. Haka ma wanda zai hau daga Jidda, inda kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara zirga-zirga a Bahar Maliya a Disambar 2024, ko daga Durban, inda jiragen kamfanin MSC ke ɗaukar fasinja zuwa gaɓar Mozambik a waɗannan watannin. Don haka ka kwana a garin da tashar take. Kwana ɗaya shi ne mafi ƙaranci, ga mai zuwa daga nesa irin namu kwana biyu ya fi. Kuɗin otal na dare biyu bai kai kuɗin tafiyar da aka biya wa iyali guda ba. Wani amfanin kuma, idan akwatinka ya ɓace a wurin sauyin jirgi, yana da damar ya cim maka kafin ka shiga teku.

A kula kuma da sunan garin da aka rubuta a talla. Jirgin da aka ce yana tashi daga Roma, a Civitavecchia yake, kusan kilomita 80 daga birnin. Na Landan sau da yawa Southampton ake nufi, tafiyar kusan awa biyu a mota. Na Orlando yana Port Canaveral, kimanin kilomita 70 gabas. Cikin tashar kanta ma akwai zaure fiye da ɗaya, kuma a ranar Asabar ko Lahadi jirage da dama ne ke lodi lokaci guda. Ka san lambar zaurenka tun daga otal, ka nuna wa direban tasi a rubuce.

A bakin zauren 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, waɗanda ka riga ka liƙa wa takarda mai lambar ɗakinka. Ba za ka sake ganin su ba sai la'asar ko ma bayan magariba, a ƙofar ɗaki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar fasfo a aljihun akwati, ɗan dako ya tura shi cikin tarin kaya, mai shi ya isa teburin tantancewa hannu rabbana. Fasfo, biza, katin rigakafin shawara, magungunan yau da kullum, cajar waya, darduma da kaya kala ɗaya, duk a jakar hannu. Batun biza yana son a duba shi tun a gida: jirgin da ya tashi daga Barcelona ya yada zango a Tunisiya ko Turkiyya sannan ya dawo, ya fita daga yankin bizar bai-ɗaya na Turai, wato Schengen, ya sake shiga ke nan, mai bizar shiga sau ɗaya zai iya samun kansa a tsaka mai wuya tun a tebur. Kamfanoni da yawa kuma suna neman fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya.

Idan ƙaddara ta faɗa jirgi ya tafi ya bar ka, kira lambar gaggawa da ke jikin takardun tafiyar nan take. Wani lokaci ana yarda mutum ya bi jirgin ta sama ya hau a zango na gaba, da kuɗin aljihunsa, in yana da bizar ƙasar. A Amurka akwai wata tsohuwar doka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurkan daban, sai bisa wasu sharuɗɗa. Tun da kusan duk manyan jiragen nan tutar ƙasashe irin su Bahamas da Panama suke ɗauke da ita, ba kowane zango ne za a bari ka hau ba. Inshorar tafiya da ta haɗa da jinkirin jirgin sama tana rage zafin asarar.

Bayan an shiga, maganar lokaci ba ta ƙare ba. A kowane gari aka tsaya, za a kafa allo a bakin matakala ɗauke da lokacin da kowa zai dawo, galibi rabin awa kafin tashi. Ka ɗauki hotonsa kafin ka sauka. Inda jirgi ya tsaya a tsakiyar ruwa ana jigilar mutane da ƙananan kwale-kwale, na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin haka. Kuma agogon jirgi ake bi, ba na gari ba. A watannin zafi, tsibirin Cozumel na Meziko yana bayan Florida da awa ɗaya. Idan kyaftin ya bar agogonsa a kan na Florida, wayarka kuma ta sauya da kanta ta bi na gari, kana zaune a kasuwa kana ganin ƙarfe 3 da rabi alhali a jirgi 4 da rabi ta buga. Agogon hannu mai allura, wanda ka saita da na jirgi, ya fi waya amana a nan. Masu fita yawo a motar da kamfanin jirgin ya shirya suna da kariya, domin in motar ta makara ana jiran ta ko a ɗauki nauyin kai su zango na gaba. Wanda ya yi hayar tasi da kansa, shi da sa'arsa. Idan bai dawo ba, jami'an jirgi sukan buɗe akwatin ajiyar ɗakinsa su ɗauko fasfonsa su damƙa wa wakilin kamfani a tashar, wanda lambar wayarsa ke cikin takardar shirye-shiryen ranar.

Ranar dawowa ma tana da nata lissafin. Ko da an rubuta jirgi zai iso ƙarfe 6 na safe, sai hukuma ta ba da izini kafin kowa ya sauka, hazon teku kuma kan hana jirgi shiga tasha na awoyi, kamar yadda yake faruwa a Galveston ta jihar Texas a lokacin sanyi. Kada ka yanki tikitin jirgin sama na komawa gida da zai tashi kafin ƙarfe 12 na rana, in filin jirgin yana da nisa kamar daga Civitavecchia ko Southampton, ka tura shi zuwa la'asar ko dare.