Abota a Inuwar Wariya: Misalin Afirka ta Kudu

Hausawa sun bambanta abota da barantaka. Aboki tsaran mutum ne, ana ci tare, ana wasa, ana iya faɗa masa gaskiya mai ɗaci a kuma kwana lafiya. Bara kuwa, ko da ya shekara talatin a gidan ubangidansa, ko da ya san asirin gidan fiye da 'ya'yan cikinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Akwai ƙauna a duka biyun, amma ɗaya a kan daidaito aka gina ta, ɗayar kuwa a kan fifiko. Da wannan ma'auni za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana damun masana zamantakewa, watau ko abota ta gaskiya tana iya ɗorewa tsakanin baƙar fata da farar fata a ƙasar da dukiya da iko suka taru a hannun ɓangare guda. Babu inda tambayar ta fito fili kamar Afirka ta Kudu.

A can, raba jama'a aikin doka ne. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙe, waɗanda su ne mafiya yawa, kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, aka ƙara zuwa kimanin kashi 13 a 1936. Bayan jam'iyyar 'yan wariya ta hau mulki a 1948, sai dokoki suka riƙa biyo juna. A 1949 aka haramta aure tsakanin Bature da wanda ba Bature ba. A 1950 aka yi dokar rajistar jama'a, wadda ta sa kowane mutum cikin wani rukuni na launi, da dokar unguwanni, wadda ta faɗi inda kowane rukuni zai zauna. A 1953 aka raba wuraren zama a lambu, da bakin teku, da bayi, da ƙofofin shiga gidan waya. Ba a taɓa yin doka mai sunan hana abota ba. Abin da aka yi shi ne rufe duk wata kafa da abota ke shigowa ta cikinta, watau maƙwabtaka, da makaranta, da wurin cin abinci, da wurin shaƙatawa. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, to an ɗaure ƙafar.

Amma kada a ɗauka cewa ba a cuɗanya. Ana yi ƙwarai, sai dai irin ta bara da ubangida. Baƙar mace ce ke goyon ɗan Bature, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, alhali nata 'ya'yan suna can ƙauye wurin kakarsu. Masaniyar zamantakewa Jacklyn Cock ta bayyana wannan zama a littafin da ta wallafa a 1980 kan 'yan aikin gida da uwayen gijinsu. Harshe ma ya ɗauki tambarin abin. Dattijo mai furfura ana kiransa da kalmar da ke nufin yaro, shi kuma ya amsa da baas, watau ubangida, ko da wanda yake magana da shi bai kai ɗan autansa ba. Mu ma nan mun gaji ɓurɓushin wannan ɗabi'a daga zamanin Turawa, don daga wannan kalma ce "boyi-boyi" ya shigo Hausa. A mahaƙan zinariya kuma an yi amfani da Fanagalo, wani harshen haɗin gambiza da mafi yawan kalmominsa na Zulu ne. Ya isa a ba da umarni da shi, amma ba a san shi da zama harshen hira tsakanin tsara da tsara ba, shi ya sa baƙaƙe da dama suke jin sa a matsayin cin fuska.

Duk da haka an sami waɗanda suka tsallake katangar. Bram Fischer jikan firayim minista ne na ɗaya daga cikin yankunan Turawan Buwa, ɗan babban alƙali kuma. Shi da bakinsa ya gaya wa kotu a 1966 cewa yana yaro ya yi wasa da 'ya'yan baƙaƙe a gona ba tare da jin komai ba, amma da ya zama saurayi, ranar da ta kama ya yi musafaha da baƙin mutum, sai ya ji ƙyama ta taso masa, abin da ya tilasta masa ya binciki zuciyarsa. Wannan ikirari ya fi tarin littattafai bayyana yadda wariya ke aiki, domin ya nuna cewa ƙyamar koyonta ake yi, kuma sai bayan ƙuruciya take kama mutum. Fischer ne ya jagoranci lauyoyin da suka kare Nelson Mandela da abokansa a shari'ar Rivonia, daga baya shi ma aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya rasu a 1975.

Ko a kurkuku hukuma ba ta yarda abokai su zama ɗaya ba. Mutum takwas aka yanke wa ɗaurin rai da rai ranar 12 ga Yuni, 1964. Denis Goldberg, Baturen da ke cikinsu, aka kai shi kurkukun Firitoriya, inda ya yi shekara 22, sauran aka wuce da su tsibirin Robben. A tsibirin ma aka sake tankaɗe. Ahmed Kathrada, da yake jinin Indiya ne, aka ba shi dogon wando, Mandela da Walter Sisulu, waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba, aka ba su gajere irin na yara. Har burodi ma Indiyawa da barbarar yanyawa ake ba, ba a ba baƙaƙe. Laifi ɗaya, hukunci ɗaya, amma cima da sutura daban.

Steve Biko ya kalli irin wannan abota ta wata fuska, kuma a ganina shi ne ya fi kowa taɓo inda ciwon yake. A 1967, a taron ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da aka yi a Jami'ar Rhodes, an sauki Turawa a ɗakunan kwanan jami'a, aka tura baƙaƙe wani ginin coci a unguwar baƙaƙe. Biko ya lura cewa abokan nan Turawa masu kyakkyawar niyya suna iya yin tir da abin da rana, su koma gadajensu masu laushi da dare. Ya kuma lura cewa a irin waɗannan tarurruka su ne ke magana, su ne ke tsara abin da za a tattauna, baƙi kuwa ya zama ɗan rakiya a cikin yaƙin da yake nasa. Wannan ne ya kai ga kafa ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe zalla, wadda ya zama shugabanta na farko a 1969. An zarge shi da wariya, kuma cikin masu zargin har da Donald Woods, editan jaridar Daily Dispatch. Da suka haɗu sai suka zama aminai. Bayan 'yan sanda sun kashe Biko a tsare ranar 12 ga Satumba, 1977, Woods ya tona asirin kisan, aka yi masa talala, ya sulale ta Lesoto a ƙarshen shekarar. Biko bai ƙi abota da Bature ba, abin da ya ƙi shi ne a shigo masa da barantaka sanye da rigar abota.

Wannan ya yi daidai da abin da masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya faɗa a Amurka tun 1954, cewa cuɗanya kaɗai ba ta kawar da ƙyama. Sai in waɗanda suka haɗu matsayinsu ɗaya ne a wurin haɗuwar, suna da buri guda, suna taimakon juna, hukuma kuma ta goyi bayan haɗuwar.

An soke dokar hana aure a 1985, aka soke ta rajista da ta unguwanni a 1991, aka yi zaɓen kowa da kowa a 1994. Sharaɗin goyon bayan hukuma ya samu ke nan, amma na daidaiton matsayi har yanzu da saura. Ƙidayar 2022 ta nuna Turawa ba su wuce kashi 7 da ɗoriya cikin ɗari na jama'a ba, baƙaƙe kuwa sun haura kashi 81, amma binciken filaye da gwamnati ta yi a 2017 ya gano cewa kashi 72 cikin ɗari na gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka na Turawa ne. A 2022 kuma Bankin Duniya ya sa ƙasar a kan gaba wajen tazara tsakanin masu hali da marasa shi cikin ƙasashe 164 da ya auna. Yanzu kuɗin haya da kuɗin makaranta ne ke aikin da ɗan sanda ke yi a da. Masu bincike biyu, John Dixon da Kevin Durrheim, sun sa ido a wani bakin teku a lardin KwaZulu-Natal shekaru kaɗan bayan faɗuwar wariya, suka ga an cire allunan hani, amma kowane jinsi yana shimfiɗa tabarmarsa kusa da nasa, Turawa kuma sukan fara naɗe kaya idan baƙaƙe suka yawaita.

Akwai kuma batun harshen da abotar ke gudana a cikinsa, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe. Tsarin mulkin 1996 ya amince da harsuna 11, aka ƙara na bebaye a 2023. Zulu da Xhosa su ne suka fi yawan masu magana da su a gida, amma Turawan da ke jin ɗaya daga cikinsu kaɗan ne. Saboda haka idan yaron Soweto da yaron Sandton suka haɗu a jami'a suka ƙulla abota, kusan kullum da Ingilishi za a yi ta. Na farkon ne zai gyara lafazinsa, shi ne sau da yawa zai gajarta sunansa don ya yi sauƙin faɗa, shi ne kuma zai shiga motar haya ya je gidan abokinsa. Ɗaya kuwa yana iya shekara da shekaru bai taɓa gaida mahaifiyar amininsa da harshenta ba.